Zogalen Hawa Na Bakwai

Shekarun baya, ina karatu a Kuala Lumpur, abokina ya matsa mini sai da muka bar ɗakinmu na unguwar Setapak muka koma wani dogon bene. Shi zanen gine-gine yake karanta, kuma Allah ya yi shi da baki. Wai benen yana numfashi. An buɗe tsakiyarsa iska na ratsawa, a hawa na bakwai kuma an zuba ƙasa an yi lambu da wuraren zama, don mazauna su san juna. Ni dai abin da na gani sauro ne, da ruwan sama mai feso mu har bakin ƙofa.

Ba mu yi wata biyu ba korona ta zo, aka kulle gari. Na ci taliya har na fara jin haushin tukunya. Wata safiya na sauka lambun in miƙe ƙafa, sai ga bishiyar zogale a kusurwa, ta yi zaƙwal, ta cika da fure. Wallahi ji na yi kamar na ga ɗan garinmu. Na ce mutanen nan ba su san arzikinsu ba, sun bar ta tana tsawon banza. Na ɗauko wuƙa na sare kanta yadda mahaifiyata take yi don ta yi tofo, na zage ganyen tas. Muka yi kwaɗo da tunkuzar kwalba, abokina har da ƙari.

Washegari aka liƙa hotona na kyamarar tsaro a jikin lif, ina rungume da rassa ina murmushi.

Ashe bishiyar ta wata tsohuwa ce 'yar Indiya a hawa na tara. Mijinta ne ya shuka ta kafin ya rasu, kuma ita ba ganyen ne ya dame ta ba, dogayen 'ya'yan nan take miya da su. Furen da na zubar, shi ta yi watanni tana jira. Mai gidan hayarmu ya ce in ba ta janye ƙorafin da ta kai a kanmu ba, mu tattara kayanmu ƙarshen wata. Mu je ina, a garin da ko unguwa ba a barin mutum ya tsallaka? Abokina mai ƙari ya ce shi fa bai san daga ina ganyen ya fito ba.

Na kira mahaifiyata ina neman a tausaya mini. Ta ce, "Ka hau jirgi ka tsallake teku don ka saci zogale? Wanda akuya ke ci a bayan gidanmu? Je ka ka durƙusa mata."

Na je da takunkumina na durƙusa a ƙofarta. Ta ja da baya a tsorace, ta zaci cutar ce ta kayar da ni. Da ta gane, sai ta ce, "Tashi lah," irin yadda 'yan can ke rufe magana da "lah". Sharaɗinta ɗaya: kullum da safe ni zan yi wa bishiyar ban ruwa, in ta mutu mu tashi.

Sati uku ina jan bokiti, tana zaune tana gyara mini yadda ake zuba ruwa, kamar ban taɓa ganin shuka ba. A nan na ji labarin mijinta, da na ɗanta da kulle ya riƙe a Singapore. Ranar da tofon ya fito, ta shafa shi da yatsa. Sannan ta ce mu ci gaba da zamanmu a benen.

Har yau abin yana ba ni haushi, musamman da abokina ya sa labarin a aikinsa na gama makaranta, wai hujja ce cewa gini yana haɗa maƙwabta. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ya faɗa. Shekara biyu na yi a Setapak ban san wanda ke bayan bangona ba.

Bara da nake gini a Kano, magini ya so ya shafe tsakar gidan da siminti, na hana. Na shuka bishiyar zogale a kusurwa. Mahaifiyata kullum sai ta ce in sare ta, ta yi tsawon banza. Ni kuwa barin ta nake ta yi 'ya'ya, ko da yake duk gidan ba wanda ya iya miyarsu.