Garin da Ke da Suna Biyu

Shekarar da aka rushe unguwarmu ta Karantina a Jidda muka koma unguwar Safa, a shekarar ce kuma 'yata ta haihu a arewacin Ailan, inda mijinta ke aikin likita. Ta ce lallai in je in zauna mata jego, ni da ban taɓa wuce Sudan ba.

Tun daga sunan garin kaina ya ɗaure. Ita kullum Derry take cewa, amma mai sayar da tikiti a nan Jidda ya nuna mini Londonderry. Na ce masa ba Landan za ni ba. Ya ce ai ba Landan ba ce. Na fita waje na kira ta.

"Umma, gari ɗaya ne," ta ce. "Daga sunan da mutum ya faɗa ake gane ɓangarensa. Ki bari mai tasi ya fara faɗa, sai ki bi shi."

"In bai faɗa ba fa?"

"Ki ce cikin gari, halas, shi ke nan."

Da yayana ya ji labari sai ga shi daga unguwarsu ta Ruwais, don ya taɓa tuƙa wani injiniya ɗan can. Ko shayi bai kurɓa ba ya fara: kada in sa kore, kada in sa ruwan lemo, kowane launi da masu shi. Kada in tambayi kowa cocin da yake zuwa.

"Yaya, ba duk Kiristoci ba ne?"

"Duk Kiristoci ne."

"To me ya haɗa su faɗa?"

Ya ce injiniyan bai taɓa kai ƙarshen bayanin ba.

Lafayata mafi kyau koriya ce. Na cire ta daga akwati, na mayar, na sake cirewa. Da na gaya wa 'yata a waya, ta yi dariya ta ce faɗan ya daɗe da lafawa, har baƙi suna yawo a kan ganuwar garin suna ɗaukar hoto, rigar ruwa kawai zan nema. Sannan ta ƙara rikita ni: akwai ƙauyuka masu tumaki da bakin teku nan kusa da su, amma wata ƙasa ce, sai ta bincika ko bizata ta Ingila za ta ratsa can.

"Akwai shinge?"

"Babu ko ɗan sanda, Umma. Hanya ce kawai."

Ni da ko kasuwa ba na zuwa sai da iƙama, takardar izinin zama, a jaka, na kasa gane iyakar da ba mai tsaronta.

Ranar tafiya yayana ya miƙo mini kwalin dabino, wai in kai wa injiniyansa. Ba adireshi, ba lamba. Ya ce dogo ne mai jan gashi, kowa zai san shi. Na isa na tarar da masu jan gashi ko'ina. Dabinon dai mu muka cinye shi da maƙwabtan 'yata.