Ranar da Na Sallama Mansur a Tayin Farko

Bana shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Mansur, wanda 'yan unguwar Ras Al Khor a Dubai suka fi sani da Bahago. Duk shekara idan ranar ta zagayo nakan sa a dafa shinkafa da nama a kai masallacin bayan shagonmu a raba, sannan in kira matarsa Saudatu a Kano mu yi masa addu'a. Ita kuma ta yi ta sa mini albarka, tana cewa samun yaya irina sai an tona. Shekara biyar ina amsa wannan albarkar da amin. Bana na kasa. Akwai maganar da na binne tun yana raye, Saudatu kuma ta fi kowa cancantar jin ta, domin ita da 'ya'yanta biyu ne ke ɗauke da nauyinta.

Na san da yawan masu karatu ba su san wasan besbol ba, ni ma a nan Dubai na gan shi. Mutum ɗaya ke jefo ƙwallo mai tauri, wani ya tsaya da sanda ya yi ƙoƙarin bugunta, wani kuma ya tsuguna a bayan mai sandar da safar fata yana cafe wadda aka kuskure. Ni ne mai tsugunon nan. Wani bakanike ɗan Filifin da ke sayen kayan gyaran mota a shagonmu shi ya ja ni, muka riƙa haɗuwa duk safiyar Juma'a a wani fili da ke bayan unguwar International City. Shekara huɗu na yi ina tsuguno har gwiwoyina suka yi kanta. Na san wasan ciki da bai, na san raunin kowane mai sanda, kuma na ɗauka idan akwai Bahaushen da za a taɓa ambata a wannan wasa, to ni ne.

Sai na kawo Mansur. Ni na nema masa biza, ni na sama masa aikin lodin kwantena a wani sito, a fulat ɗina yake kwana. Wata Juma'a mutum ɗaya bai zo ba, na ce, "Yalla, tashi ka cike mana gurbi." Ko dokokin bai sani ba. Aka miƙa masa ƙwallo, ya juya ta a hannun hagu, hannun nan da Inna ta sha buge masa da muciya saboda cin tuwo da shi, ya jefo. Wallahi kafin in gan ta, ta shige safata, tafin hannuna ya ɗau zafi har gwiwar hannu. Bakaniken nan ya cire hula ya riƙe kai. Ni kuwa na yi dariya na ce sa'a ce, amma na san ba sa'a ba ce. Abin da na yi shekara huɗu ina nema da gumi, an ba yaron nan kyauta yana barci.

Ba a yi shekara biyu ba wasu kamfanoni suka haɗa ƙaramar gasa wadda ake biyan 'yan wasa. Tsarinsu shi ne a tara kowa a gwada, sannan ƙungiyoyi su zaɓa bi da bi. Wanda aka zaɓa ba shi da ikon cewa wata ƙungiyar yake so, ko ya yi wa wadda ta ɗauke shi wasa ko ya koma gida. Ƙarfinsa ɗaya ne tak a duniya, shi ne zaman da za a yi a yanke albashi kafin ya sa hannu. Mu biyu muka je gwajin. Aka fara kiran sunaye, sunan Mansur ne ya fara fita daga bakin mai sanarwa. Na zauna ina sauraro har aka naɗe takarda, aka fara kwashe kujeru, ba a kira ni ba. Mansur ya zo ya rungume ni yana cewa, "Yaya, kai ka yi wannan." Na bubbuga bayansa, bakina na murmushi, zuciyata kamar an watsa mata barkono.

To ga inda gizo ke saƙar. Mu a gidanmu 'yan kasuwa ne tun kakanni, kuma mutum ba ya yi wa kansa ciniki. Ko akuya za ka sayar, dillali kake ba wa, balle kanka. Sannan ƙarami ba ya buɗe baki a kan kuɗi alhali babba na zaune. Saboda haka ranar da manajan ƙungiyar ya kira shi ofishinsu a Al Khabaisi, Mansur ya ce mini, "Yaya, kai ne babba, kai ka san Turanci, kai ka san ciniki. Duk yadda ka yanke ya yi." Da za mu fita bakaniken nan ya tsare ni a bakin shago, ya riƙe hannuna ya ce abu biyu kada in bari: su rubuta cewa idan ya ji rauni su za su yi masa magani, kuma idan suka sallame shi kafin wa'adi sai sun biya shi ragowar. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa.

Ku da kuke kasuwa ku yi mini alƙalanci. Ni mutum ne da zan yi awa guda ina ja-in-ja da Ba'iraniye a kan giyabos ɗin mota ɗaya, in tashi in tafi, in dawo, in rantse, in sake tafiya. Ko yaron da ya kwana uku a kasuwar Ƙofar Ruwa ya san ba a sallamawa a tayin farko. Manajan ya faɗi adadin da bai kai abin da direban tasi ke samu ba, ya jingina da kujera, ya buɗe hannuwa yana jira in ja. Na ga jiran a idonsa. Na san yana da sauran wuri, na san bahagon da ke jifa haka ba a tsintarsa a titi. Amma sai na hango Mansur da mota, na hango shi yana turo wa Inna abin da ya ninka nawa, na hango 'yan unguwa suna cewa ƙanin ne ya fi yayan. Ko albarka ɗaya ban ce ba. Na miƙa hannu na ce, "Khalas," wato an gama. Maganar rauni da ta wa'adi kuwa ko tari ban yi a kansu ba. Mansur ya sa hannu yana murna, muka fita ya saya mini shayi.

Ya ajiye aikin sito, bizarsa ta koma hannun kamfanin da ke riƙe da ƙungiyar. Kakar wasa uku ya yi yana jifa, ni kuma ina cikin 'yan kallo. Ba zan yi ƙarya ba, idan ya kayar da mai sanda nakan miƙe in yi ihu da gaske, jini ba ƙarya ba ne. Amma idan na ga Larabawa da Indiyawa suna rububin ɗaukar hoto da shi, suna "habibi, habibi," wato masoyina, sai in kau da kai. An ce hassada ga mai rabo taki ce. Na ga haka da idona, domin kullum ƙara kyau jifansa yake, kuma abin ya ƙara ƙona ni.

A kaka ta uku kafaɗarsa ta tsage. A shekarar kuma ƙungiyar ta ƙare a ƙarshen teburi, aka kawo sabbin shugabanni, suka ce za su rushe su sake gini da yara sabbin jini. A nan na ga aikin hannuna ƙuru-ƙuru. Akwai 'yan wasan da ba su kai rabin Mansur ba, wasu ma sun girme shi, amma aka bar su, saboda takardarsu ta ce idan an kore su sai an biya su. Mansur kuwa korarsa ba ta cin ko dirhami, gyaran kafaɗarsa ne mai tsada. Duk mai hankalin da ke riƙe da alƙalami shi zai fara gogewa, ni ma da ni ne haka zan yi. Aka soke biza, ya tattara ya koma Kano da hannun da ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa. Ya buɗe ɗan teburin kayan gyara, ina turo masa kaya shwaiya shwaiya, wato kaɗan-kaɗan, ana ta yabona. Bayan shekara biyu zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu, ya cika. Ajali ne, ban ce ni na kashe shi ba. Amma shekarun nan biyu na ƙunci, da gidan hayar da ya bar iyalinsa a ciki, da sa hannuna.

Yanzu wasan ya zama wani abu a garin nan. Ina ganin yaran da ake zaɓa, kowanne da wakilinsa mai kwat da jaka, ba mai zama a yanke masa albashi sai an karanta takarda layi-layi. Na ji ana cewa akwai mafi ƙarancin abin da za a ba wanda aka zaɓa, akwai inshora, kuma har yanzu ƙorafi suke wai bai isa ba. Gaskiyarsu ce, wanda aka hana shi zaɓar inda zai yi aiki dole a biya shi haƙƙin wannan hanin. Amma ni idan na gan su raina ne ke ɓaci. Kai, yaro ko gemu bai tsiro ba, jifansa ko kusa da na Bahago bai kai ba, ga shi nan da mota yana ɗaga wa mutane hannu! Ina yi wa Mansur kishinsu, ina kuma yi wa kaina, don har gobe idan na ga mai tsuguno ya kuskure ƙwallo sai in ce da ni ne da ba haka ba. Furfura ta fito mini, halin bai fita ba.

Nakan tambayi kaina, da Mansur na nan me zai ce? Na san shi. Da ya sayi tikiti ya zauna a gaba da gyaɗarsa, yana yi wa yaran tafi, idan an tashi ya bi bahagon cikinsu ya nuna masa yadda zai kare kafaɗarsa. Da ya ji ana maganar inshora sai ya ce alhamdulillahi, na baya sun huta. Bai iya ƙyashi ba, kamar yadda wani bai iya iyo ba. Ni kuwa da shi aka yaye ni.

Shekaranjiya bayan la'asar na rufe shago, na zauna a kan wata tsohuwar taya, na kira Saudatu. Muka gaisa, na tambayi yara, ta fara sa albarkar da ta saba. Na ce, "Dakata, Saudatu. Yau ki bar ni in yi magana." Na faɗa mata komai, tun daga kiran sunaye har zuwa khalas ɗin nan, ban rage ba, ban yi wa kaina kwaskwarima ba. Na gama ina jiran abin da ya cancance ni.

Ina jin kukan awaki ta wayar. Sannan ta ce, "Yaya Nafi'u, ai mun sani."

Na ce, "Kun san me?"

Ta ce, "Ranar da suka sallame shi, manajan nan da kuka zauna da shi ya gaya masa. Ya ce ninki biyu suka ware masa, da maganin rauni, suna jira a nema ba a nema ba. Da ya dawo ya ba ni labari, na ce wallahi sai na kai ƙara wurin Inna. Ya hana ni, har ya sa na rantse. Ya ce, 'Yaya ne ya koya mini wasan, shi aka bari a zaune aka kira ni. Kin san zafin wannan? Idan abin da ya yi ya sanyaya masa rai, ai ya yi araha.'"

Na ce, "To albarkar da kike sa mini duk shekara fa?"

Ta ce, "Shi ya ce in riƙa sa maka. Da farko da ƙyar take fita, ba zan ɓoye maka ba. Yanzu kuma ta zama tawa."

Ashe duk kayan da nake turo masa yana karɓa yana godiya, ya sani. Duk kiran da yake yi mini ranar Juma'a yana tambaya ko gwiwata ta yi sauƙi, ya sani. Ni ina nan ina taƙama da cewa na iya rufe ciki, ashe rufa mini asiri ake yi.

Idan aka auna abin da ya rage na Mansur a garin nan, ba shi da yawa. Ƙungiyar ta canza suna, filin bayan International City an yi gini a kansa, yaran yanzu ba su taɓa jin labarin Bahago ba. Na gaya wa Saudatu gidan da na gina a Kano nata ne da yara, ta ce za ta yi shawara, kuma na san ko ta karɓa bai biya ba. Abin da ya rage na gaske yana wurin mace ɗaya da ta riƙe rantsuwa shekara takwas, da yara biyu da aka tashe su suna ganin girman baffansu saboda ubansu ya hana a gaya musu. Allah Ya jiƙanka, Mansur, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ka yafe mini tun ban roƙa ba, kuma wallahi ko wannan ɗin ma kishinsa nake ji.