Zanen da Inna Ta Yi wa Magana

Shekarun baya, lokacin da aka fara turo ni koyarwa Dakoro, akwai wani ɗan ɗaki bayan tasha da nake yawan zuwa in an tashi daga lakwal, wato makaranta. Tsohon mangaza ne, ɗakin ajiyar gero. Wani mushe, wato malamin lakwal, da ya aje aiki ya karɓe shi, ya shafe bangon da farar ƙasa, ya ɗaura igiyoyi daga wannan kusurwa zuwa waccan, yana rataye zane-zanen mutanen gari kamar shanya. Shi yana ce masa galeri, mu kuma ɗakin Mushe muka sani. In na tuna wurin, hasken la'asar nake fara gani yana shigowa ta 'yar taga, takardu suna kaɗawa a hankali, ga ƙamshin gero da ya ƙi barin bango.

Zane iri ɗaya Mushe yake koyarwa. Za ki ɗora bakin bik, wato biro, a kan takarda, ba za ki ɗaga shi ba sai kin gama, kuma ba a duban takardar. Idonki yana kan fuskar wanda ke gabanki, hannunki yana bin inda idon ya bi. Layi guda ne tun daga goshi har haɓa. Ranar da na fara, ƙawata na zana, sai ga hancinta ya sauka kusa da kunne. Ta duba ta ce in dai haka nake ganinta, gara mu raba hanya tun da wuri. Mushe ya yi dariya ya ce, "Madam, ba kyau ake nema ba. Kallo ake koyo."

Da sanyi ya kusa shigowa, sai ya ce za a yi nuni, kowa ya kawo fuskar wani daga gidansu. Nan take na ce mahaifiyata zan zana. Sai da na fito waje na tambayi kaina, ke kuwa da wane idon?

Ni ce ɗiyar fari. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa tsayar da idonta a kaina ba. In tana son ta ba ni abinci, sai ta aje kwano ta ce wa iska, "Ga tuwo nan, in da mai ci." Autarmu kuwa, har ta yi girma tana kwanciya a cinyarta ana yi mata susa. Na san kunya ce, na san ba ƙi ba ne, kowa ya faɗa mini haka har na gaji da ji. Amma wallahi abin yana cina. Ina da aure, ina koyar da 'ya'yan mutane, amma abin da nake so a duniya bai wuce matar nan ta dube ni sau ɗaya, ido cikin ido.

To, sai na ga dabara ta samu. Ai wanda ake zanawa dole ya fuskanci mai zane. Na yi ta yaba wa kaina wayo tun daga Dakoro har garinmu Ɗan Gulbi.

Na iske ta gindin iccen bedi tana ɓarar gyaɗa. Na gaishe ta, ta amsa tana kallon ƙwarya. Na zauna na fito da takarda, na yi bayani dalla-dalla kamar ina gaban aji. Da na gama, sai ta juya wajen auta ta ce, "Mi za a yi da huskata kuma? Ki ce ma wasu su yi abin da ya kawo su, ni aiki nike."

Ban samu fiye da haka ba. Na ɗora bik na fara daga bakin kallabinta. Ban san yadda zan kwatanta abin da ya biyo baya ba. Gidan ya yi shiru, sai ƙas-ƙas ɗin gyaɗa da kukan kurciya can nesa. Idona ya gangaro goshinta, ya bi wani layi da ban san yana nan ba, ya faɗa cikin tsagar gado da ke kumatunta, ya fito ya zagaya bakinta. Ashe leɓenta na ƙasa irin nawa ne. Ashe akwai furfura a girarta. Na ji kamar ina tafiya a ƙasa cikin wani gari da aka haife ni a ciki amma ban taɓa shiga lungunansa ba. Da na iso wajen idanu sai na rage sauri. Na yi ta kewaya fatar idon, ina jira ta ɗago. Inuwar bedi ta matsa daga kanmu, gyaɗar ta ƙare, ta kama tsince ɓawon da ba ya bukatar tsinta. Ba ta ɗago ba.

A mota na duba takardar. Fuska ce mai kyau, karkatacciya kaɗan, idanu a rufe, an zagaye su da layi har takardar ta kusa hujewa. Na yi kuka har mai kusa da ni ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Mushe ya karɓi zanen. Ya dube ni, ya ga idanuna sun kumbura, sai ya ce in zauna a benci. Ya ɗauki bik ya zana ni a haka, da fushina da komai. Ya rataye nawa kusa da na Inna. Na ce ya cire, ya ce ɗakinsa ne.

Aka buɗe nuni. 'Yan lakwal suka zo suna nuna juna suna dariya, wani Bafillace da ya kawo shanu kasuwa ya leƙo ya daɗe gaban zanen wani tsoho, matan unguwa suna cewa wance ce, a'a ba ita ba ce. Duk wanda ya zo kan na Inna sai ya ce, "Wannan barci take?" Tun ina bayani har na daina.

Ranar kasuwa da la'asar, ina zaune a benci bayan ƙofa, sai na ji muryar auta tana cewa, "Inna, mu shiga nan ki huta, rana ta yi yawa." Ashe sun shigo gari sayar da gyaɗa, 'yar banzar ta ja ta har nan ba ta gaya mini ba. Inna ta cire takalmi a bakin ƙofa. Ta gan ni sarai, don na ga yadda ta yi saurin kawar da kai. Ta bi igiya a hankali tana duba fuskoki. Ta zo kan nata, ta ɗan taɓe baki ta wuce. Sai ta tsaya a gaban nawa.

Ta daɗe. Iska ta motsa takardar, ta sa yatsu biyu ta riƙe gefenta. Ina ganin ƙeyarta, ina ganin yadda kanta yake bin layin, daga goshi zuwa kunne, daga kunne zuwa baki. Auta ta buɗe baki za ta yi magana, Mushe ya girgiza mata kai. Ɗakin ya yi tsit, ƙura tana yawo cikin hasken taga.

Can sai Inna ta ce wa takardar, a hankali, "Kin rame."

Ta ci gaba da yi wa takardar magana.

"Ba ki cin abinci ne? Ko aikin ne ya yi miki yawa?"

Daga bayanta na ce, "Ina ci, Inna." Muryata ta fito kamar ta yarinya.

Ba ta juyo ba. Ta ci gaba da kallon idanun da Mushe ya zana, kumburarru, ɗaya ya fi ɗaya girma. Ta ce, "Ki bar yawan kuka. Tun kina jinjira haka kike, abu kaɗan sai hawaye." Ta sa bakin mayafinta ta goge takardar wajen kumatu, inda babu komai sai layin bik.

Da za su tafi, Mushe ya cire zanen fuskata daga igiya ya miƙa mata da hannu biyu. Ba ta ce tana so ba, ba ta ce ba ta so ba. Ta naɗe shi ta sa cikin mayafi, ta sa takalminta, ta ce wa auta, "Ki ce ma wasu mun tahi."

Yanzu ɗakin Mushe ya koma shagon cajin waya, shi ma ƙarfinsa ya ja baya. Ni kuma na daina jiran abin da na daɗe ina jira. Na je da wayona ina son in tilasta mata ta dube ni irin yadda ni nake so, alhali ita tana da nata kallon, wuri kawai ta rasa da za ta aje shi. Har yau ba ta kira sunana ba, kuma in na je gida, ƙwarya take kallo.

Amma auta ta ba ni wani labari. Ta ce zanen yana manne a bangon ɗakin Inna, ciki-ciki, inda baƙo ba ya gani. In na kira waya aka miƙa mata, ba ta amsawa a tsakar gida. Sai ta tashi ta shiga ɗaki, ta tsaya a gabansa, sannan ta kara wayar a kunne ta ce, "Ina ji."

Shi ya sa ko ina nake, in zan kira ta, sai na fara gyara ɗaurin kallabina.