Salkar Kaka a Tafkin Cadi

Safiyar wata Talata, a hutuna na farko daga makarantar lakwal, na tsaya a bakin ruwa a Boso riƙe da zanen Kaka, ina neman ƙarshen Tafkin Cadi ban gan shi ba. Daga Agadas muka taso mu biyu, za mu Ngigmi, tsohon garin nan na bakin tafki, inda gwaggona ta haihu. A gidanmu na unguwar Dagmanet a Agadas ni ke ɗebo ruwa kafin in tafi langa. Na wankin ƙwarya akuya ke sha, na alwala gindin lalle ake kai shi. Wanda ya ɓarar da ko ludayi guda, ranar zai san Kaka.

Jirgin ruwan da muka shiga na katako ne, an labta masa kanwa da bandar kifi. Mun yi nisa sai iska ta taso, ruwa ya soma shigowa ta wata tsaga har ya rufe idon sawu. Mai jirgin, wani Babarbare mai Hausa kaɗan-kaɗan, ya rarraba ƙorai, kowa ya duƙa yana kwasa yana watsawa waje. Kaka ma ta duƙa, amma ita salkarta ta kwance tana ɗurawa a hankali. Ta cika salka, ta cika buta, ta jawo tukunyar da za ta kai wa mai jego. Gefenmu ya fara rinjaya. Mai jirgi ya daka tsawa: "Inna, waje! Don Allah waje!" Ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, ruwa mai daɗi haka?" Sai da ta ga ya kai mini ƙauri ina kuka, sannan ta ɗaga tukunyar, ta yi bisimilla, ta kau da kai, ta juye. Salkar kam ta ƙi.

Da la'asar muka hango gidajen Ngigmi da raƙuma durƙushe a gaɓa. Ban taɓa jin daɗin taka yashi kamar ranar ba. Kaka ta rungumi jaririn da zane jiƙe, tana ta hamdala.

Bayan na girma na tsallaka Kogin Nilu, na shiga jirgi a Mopti ta ƙasar Mali, ban ga wanda ya ji tausayin ruwa irin nata ba. Da na koma Ngigmi da furfura, mota ce ta bi da ni ta inda muka kusa nutsewa. Tafkin ya ja da baya, yara na tura bido, jarkokin ruwa, a amalanke. Na so a ce Kaka tana kusa, in ce mata ta yi daidai da ta riƙe salkar.