Diddigen Tani a Kan Soro

Duk wanda ya zauna a unguwarmu a Dandume cikin shekarun farko na mulkin kai ya san Tani matar Labo magini, ko da kuwa daga ƙasa ya hango ta. 'Yar guntuwa ce, baƙa, ga baki kamar reza. Ni gidanmu katanga ɗaya ce ta raba mu da nata, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

Labo shi ya gina soronsu da hannunsa, ya jera azara, ya yi daɓe, ya shafe da makuba. Ka'idarsa ita ce a duba rufi sau uku a shekara: da bazara kafin ruwan farko, da tsakiyar damina lokacin da ƙasa ta sha ta ƙoshi, sai da kaka idan ruwa ya ɗauke. In an yi iska mai ƙarfi kuma, wannan ƙari ne. Ana nan ciwo ya shanye masa ɓarin jiki, ya kwanta a ƙarƙashin soron, ko juyawa sai an juya shi. 'Ya'yansu maza suna can Funtuwa suna aiki a gidan gurzar auduga. To wa zai hau? Tani ta ɗaure zane, ta jingina tsani, ta hau.

Yadda suke yi abin kallo ne. Tana tafiya a sama tana buga diddige, shi yana kwance yana saurare. Inda ya ji sautin ya sauya, sai ya ɗaga murya da karkataccen bakinsa: "Nan, Tani. Sake bugawa." Ta haka suke gane inda gara ta ci azara ko inda daɓe ya bar jikin rufin. Sannan ta bi indararo ta zare ciyawa da kashin tsuntsu, ta cike tsaga da yumɓu.

Sai Alhaji Maikuɗi, wanda ya sa kwano a gidansa shekarar da auduga ta yi kyau, ya kai ƙara wurin Mai Unguwa Sada. A al'ada namiji ne ke hawa, kuma sai ya yi shela matan maƙwabta sun shige ɗaki. Ita Tani ba shela, ba sallama, wai tana leƙa masa gida. Aka kira ta zaure.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "me matan Alhaji suke da shi wanda ba ni da shi, da zan hau sama in gani?"

Dattawa suka sunkuyar da kai suna cije dariya, amma hukunci ya tsaya. Aka ɗauke tsaninta aka kai gidan Mai Unguwa, aka ce Shitu mai yaɓe zai riƙa duba mata. Shitu kuwa damina ta kama, hankalinsa na kan noman dawarsa. Sau ɗaya ya zo, ya tsaya a tsakar gida, ya ɗaga kai ya ce rufi lafiya lau. Har yau in na tuna wannan duba sai raina ya ɓaci. Mutum yana kwance a ƙasa ba ya iya gudu, ka duba masa rufi da ido daga nesa?

Ruwa ya yi ta zuba. Wata safiya Tani ta ga ƙasa ta ɗan zubo a kan bargon Labo. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi kowa ba. Ta goya mijinta a baya kamar jariri, ƙafafunsa na jan ƙasa, ta ratsa unguwa kowa na kallo, ta shimfiɗa shi a zauren Mai Unguwa, daidai inda ake zaman fada.

"Tani, mene ne haka?"

"Ranka ya daɗe, rufin da ba a dubawa ba zai kwana a ƙarƙashinsa ba. Naka ana dubawa. Ga shi nan, kunu yake sha da safe, kuma a riƙa juya shi."

Ta juya za ta tafi. Ba ta kai bakin ƙofa ba Mai Unguwa ya ce a mayar mata da tsaninta. Da ta hau, ta tarar wani ɗan durumi ya tsiro a bakin indararo, saiwarsa ta tsaga daɓe, ruwa ya kwanta daidai saitin gadon Labo. Ta tumɓuke shi, ta jefo shi ƙofar gidan Alhaji Maikuɗi, ta ci gaba da aikinta.

Labo ya ƙara shekaru a wannan ɗaki, kuma a kan gadonsa ya cika, rufinsa bai taɓa ɗiga masa ba. 'Ya'yan suka ce za su sa mata kwano ta huta, ta ce su bar mata kayanta.

Bazarar da ta biyo bayan rasuwarsa na gan ta a sama. Ta buga diddige, ta tsaya, ta karkata kai tana jira. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta sake bugawa, ta matsa gaba.