Ranar da Baffa Shitu Ya Ji Muryar Ubansa

Duk wanda ya taɓa kai rediyo gyara wurin Baffa Shitu a bakin kasuwar Tudun Wada ya san ba a barin wurin da wuri. Gyaran na minti goma ne, labarin mahaifinsa kuwa sai an kira la'asar.

Mahaifin, marigayi Mu'azu, mawaƙin manoma ne, kuma sau ɗaya tak aka kai shi birni aka ɗauki muryarsa a faifan garmaho. Ya rasu Baffa yana goye, don haka faifan nan shi ne iyakar abin da ya sani na ubansa. Kullum sai ya ɗora shi a kan wani tsohon inji mai bel, wato zoben robar da ke juya farantin faifan, murya ta fito kakkaura, a hankali, kamar daga cikin rijiya.

"Kun ji namiji," in ji shi. "In ya rera a Badafi, 'yan gayya a Doguwa ke ɗaga fartanya."

Mun ji har mun haddace. Abu ɗaya ke cin ransa, bel ɗin ya saki, waƙar tana tangaɗi. Sai wani mai kiɗan biki ya gaya masa akwai injin da ba shi da bel sam, motarsa ce ke juya farantin kai tsaye, gudunsa ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Baffa ya shekara biyu yana cigiya kafin ya samo shi a Kano. Wuni ya yi yana tare farantin da yatsa yana saki, yana murna yadda yake komawa daidai nan take. Faifan kuwa ya ƙi ɗorawa, wai sai a gaban jama'a.

Ranar kasuwa ya jera benci, ya sa aka ɗauko mahaifiyarsa, Iya Hasana, a bayan babur. Ya goge faifai da hannun riga, ya sauke allura.

Wata 'yar siririyar murya ce ta fito, tana sauri, kamar ɗan zakara mai koyon cara. Ashe lalacewar bel ce ta ba marigayi kaurin murya duk shekarun nan. Allah ya yafe mana, mun yi dariya har da riƙe ciki. Na tausaya wa Baffa, amma na kasa dainawa.

"Jabu aka sayar mini," ya ce, ya kai hannu zai kashe.

"Kai, bar shi," in ji tsohuwar.

"Iya, ai ba muryarsa ba ce."

"Ita ce. Waccan ta da, ban san ta wane ƙato ce ba, kunya ce ta hana ni faɗa maka. Ni wannan 'yar muryar na aura."

Ta goge ido da gefen mayafi ta ce a maimaita. Baffa ya mayar da allura farko, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ya kasa kunne.