Sunan da ba ta faɗa ba

A ajinmu na ƙarshe a lekol, wato makarantar boko ta Dogon Dutsi, zamanin Nasara, malaminmu da muke kira mushe ya ba mu aikin da har yau in na tuna raina ke ɓaci. Mutumin bakin teku ne, Faransanci a bakinsa kamar ruwa, Hausa kuwa ko gaisuwa bai iya ba. Ya ce kowa ya je ya tambayi uwarsa labarin ranar da aka haife shi, ya rubuto shi da Faransanci mai daɗi.

To, ni ɗan fari ne. Uwata ba ta kiran sunana, ba ta yi mini magana kai tsaye gaban mutane. Kunyar ɗan fari ke nan, ko jinjiri a Arewa ya san ta. Da na tambaye ta, sai ta juya baya ta ci gaba da daka. Kakata ce ta ja ni gefe, tana yi mini dariya, ta ba ni labarin: yadda aka haife ni lokacin yankan gero a Kiyeshe, yadda uwata ta danne naƙuda ba ta yi ko uhum ba.

Na rubuta duka, har da juya bayan. Sauran yara kuwa suka sheƙa ƙarya, wai uwayensu sun rungume su suna sumbatarsu kamar matan cikin littafin karatu. Suka kwashe maki. Ni mushe ya zabga mini sifiri, ya karanta takardata gaban aji, ya ce ko dai ni malalaci ne, ko uwata ba ta da zuciya. Ya ce in sake rubutawa. Na ƙi, sai ya aika a kira ta.

Ranar kasuwa uwata ta zo, ta durƙusa bakin ƙofar aji, matar da duk unguwarmu ke girmamawa. Ya sa ni tafinta, wai in tambaye ta sunan ɗanta. Kowa a ajin ya san abin da ake nema ta yi. Na tambaye ta.

Ta dubi ƙasa ta ce, "Wanga ɗan Inna na."

Na fassara masa cewa ta ce ni ɗan kakata ne. Ya ɗaga kafaɗa, wai ga shi nan, ko ɗanta ba ta amsa ba. Mutum ya tsallako ƙasashe don ya koya mana bincike, amma ya kasa tambayar ko mai gadin lekol abin da ke gabansa. Wannan cin mutuncin ban yafe shi ba.

Da muka kama hanyar gida tana gaba ina baya. Wajen rijiya ta rage tafiya har na kusa cim mata. Ba ta waiwayo ba, kamar da iccen gawo take magana ta ce, "A hwaɗa ma wancan yaro, kar shi canza komi cikin takardar nan."